Igiyar Ɗakin Baya

A gidanmu na Tudun Wada, nan gindin duwatsu,
akwai ɗaki guda da tsintsiyar Zinatu ba ta shiga.
Ni ke shara. Ni ke riƙe da makulli.
A ciki akwai akwatin gilashi, kwanon ruwa, guntun icce,
sai Lami.

Ran Alhamis na tsince ta, shi ya sa sunan.
Masu fasa dutse a hanyar Bukuru sun yi mata zobe da sanduna,
ita ko ta dunƙule kamar curin fura,
ta cusa kai tsakiyar jikinta
tana jiran abin da Allah zai yi.
Na ba su na shayi.
Na sa ta a jakar aiki, tsakanin filaya da ragowar waya.

Zinatu ba ta taɓa kiran sunanta ba.
Da rana, “abin nan naka.”
Da dare, “igiya,”
don ba a ambaton mai jan ciki bayan magariba.
Na ce muɗuwa ce, ba ta da dafi.
Ta ce haka kowa ke cewa kafin a kai shi asibiti.

Ban ja da ita ba. Na san labarin.
Tana shekara tara kububuwa ta sari yayanta
a gonar doya, can Shendam,
ita ta riƙe fitila har jinin ya ƙi tsayawa.
Wanda ya ga wannan,
ko tsumma ya gani a hanya sai ya ɗaga ƙafa.

Gwaggo Delu ta daina kwana gidanmu.
Sagiru, ɗan cikina, sai ya kakkaɓe takalmi sau uku kafin ya sa.
Kazar Maman Dung ta ɓace,
duk layin ya zuba wa ƙofarmu ido,
sai ga ta bayan sati uku da ’yan tsaki bakwai.
Ba wanda ya zo ba da haƙuri.
Ranar da aka ga ɓerayen Lami a firij, kusa da kifi,
kwana huɗu ina cin abinci a Taminus.

Me kake samu a ciki? Haka suke tambaya.
Yaya zan ce musu shiru nake samu?
Na wuni cikin ƙarar janareta da cinikin mutane,
in dawo in tarar da mai rai
da ba ta neman komai sai ɗumi.
Ta hau hannuna a hankali kamar ruwa ya koyi tafiya,
ta ɗanɗana iska da harshe,
in lokaci ya yi ta tuɓe saɓa ta bar ta nan,
ba ta ko waiwaya.

Sai marka ta zo.
Ina Pankshin wajen aiki ruwa ya tsare mu,
ƙanƙara ta zuba a Jos, taransifoma ta buga,
sanyin nan mai shiga ɓargo.
Lami ba ta da wutar jikinta, aro take a ƙwan lantarki.
Na kwana ina juya makulli a aljihu.

Da hantsi na iso.
Kwaɗon ƙofar a ƙasa, taɓarya jingine da bango.
Jikin gilashin, gorar ruwan zafi
naɗe a tsohon ɗankwalin da na sani.
Lami ta lafe a wajen, tana numfashi.

Zinatu na tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.
Idonta ja, na wanda ya tashi sau uku hura gawayi.
Na buɗe baki, ta riga ni:
“Kada ka gode min. Ba son ta nake ba.
Rai ne, kuma a gidana yake,
ba na so gobe kiyama a tambaye ni.”

Ta buga rariya a tafin hannu.
“In ka fita ka sayo wani kwaɗon.
Babba.”